Tambayoyin da ake ta yi min kan yin mastas a siyasar ƙasashen Larabawa

Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, na Gaza kuma ya biyo baya a Oktoba, matasanmu ke ta tambayata wai akwai inda ake karanta siyasar ƙasashen Larabawa a matsayin fanni mai zaman kansa kuwa? Akwai sosai ma. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa.

Malam, wannan ba karatun addinin Musulunci ba ne aka sake wa suna?

A'a ƙanena, kuma nan ne yawancin mutanenmu ke fara ruɗewa. A wannan ajin ba wanda zai tambaye ka hukuncin abu a shari'a, tambayar kullum ita ce me ya sa abu ya faru a nan bai faru a can ba. Misali a 2011, Ben Ali na Tunisiya ya tsere Saudiyya ranar 14 ga Janairu, Mubarak na Masar ya sauka ranar 11 ga Fabrairu bayan kwana 18 ana zanga-zanga, amma Assad na Siriya ya riƙe kujera har Disamban 2024 bayan ƙasar ta ragargaje, su kuwa sarakunan Maroko da Jodan da na yankin Gulf ko ɗaya bai faɗi ba. To me ya bambanta su? Yadda aka gina sojan kowace ƙasa ne, ko kuɗin mai ne, ko hannun ƙasashen waje? Irin wannan za ka zauna kana warwarewa. Addini yana shigowa kam, amma in an kawo Ikhwanul Muslimin da Hasan al-Banna ya kafa a Masar a 1928, za a dube ta ne a matsayin ƙungiya, su wa ke shiga, ina take samun kuɗi, ya ta yi da mulki lokacin da ɗanta Mursi ya shugabanci Masar.

Na yi Islamiyya tun ina yaro, na kuma yi digiri a Larabci. Ya ishe ni?

Ka riga ka yi wa mutane da yawa nisa, wallahi kar ka raina abin da ke hannunka. Bature zai shafe shekaru yana fama da nahawu da sarfu kafin ya iya karanta jarida, kai kuwa ka wuce wurin. Sai dai Larabcin littafi daban, na titi daban. Ranar da ka shiga tasi a Alƙahira direba ya buɗe baki da ammiyya, wato Larabcinsu na titi, za ka gane haka, balle darijar Maroko da Aljeriya wadda ta cakuɗe da Faransanci da harshen Amazigh, wadda ko Balaraben Bagadaza sai ya kasa kunne da kyau. Kuma siyasa a bakin mutane take, a barkwancin da ake yi wa shugaba, a waƙar 'yan kallon ƙwallo, a yadda ake sassauta murya in an ambaci mukhabarat wato jami'an leƙen asiri, ko a ce wane ya samu aiki ne da wasɗa, abin da mu muke cewa hanya ko uwa a gindin murhu. Saboda haka ka zaɓi karin harshe ɗaya ka riƙe shi gam. Turanci kuma ba makawa tunda yawancin mujallun bincike da shi ake buga su, in ƙasashen Magrib za ka nufa, wato su Maroko da Aljeriya da Tunisiya, ka haɗa da Faransanci, a nan 'yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sa'a.

Me ake koyarwa takamaimai?

Tarihi ne farko, rugujewar daular Usmaniyya, yarjejeniyar Sykes da Picot ta 1916 da Ingila da Faransa suka yi a asirce, abin da ya samu Falasɗinawa a 1948, juyin mulkin hafsoshin Masar a 1952 da ya fito da Gamal Abdel Nasser, haɗewar Masar da Siriya daga 1958 zuwa 1961 da ba ta ɗore ba, kayen da Isra'ila ta yi wa Larabawa a 1967, takunkumin mai na 1973, har mamayar Iraƙi a 2003.

Sai ra'ayoyin masana. Wanda ya fi kama ni shi ne na daula ri'iyya, wato gwamnatin da ba ta dogara da harajin talakawanta ba, kuɗinta daga mai ko gas yake zuwa, sai ta zama ita ce mai rabawa ba mai karɓa ba, kuma wanda ke ba ka ba ka cika tuhumarsa ba. Hazem Beblawi na Masar da Giacomo Luciani su ne suka fi yaɗa wannan bayani a kan ƙasashen Larabawa a 1987. Ɗan Najeriya in ya ji wannan ba sai an yi masa dogon sharhi ba. Amma ba a hadiye shi haka kawai, malami zai ce maka to Libiya ma ai tana da mai, me ya sa bai ceci Gaddafi ba? Akwai kuma tsarin Labanan inda shugaban ƙasa Kirista Maroni ne, firaminista Sunni, kakakin majalisa Shi'a, akwai tsarin kafala a Gulf da ke ɗaure zaman baƙon ɗan ƙwadago a hannun wanda ya ɗauke shi aiki. Sannan dabarun bincike, yadda ake hira da mutane da yadda ake karanta alƙaluma, wannan kwas ɗin ɗalibai na gudunsa amma shi ne ƙashin bayan aikin.

A ina ake yi, kuma da wane kuɗi?

A Amurka, jami'ar Georgetown tana da cibiyar nazarin Larabawa na zamani tun 1975. A Ingila akwai SOAS a Landan, da Oxford da Exeter da Durham. A yankin kansa akwai Jami'ar Amurka ta Beirut da aka kafa a 1866, da ta Alƙahira ta 1919, sai Doha Institute a Qatar inda Larabci ne babban harshen koyarwa, wanda ni ina ganin shi ya fi dacewa da mai irin tushenmu. Kuɗin makarantun Turai da Amurka ba na aljihun talaka ba ne, sai da sikolashif irin su Chevening ko Commonwealth ko Fulbright, Chevening kuma tana neman shekara biyu ta aiki kafin ka cika fom.

An ce binciken yana da haɗari?

Gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Giulio Regeni, ɗan Italiya mai karatun digirin digirgir a Cambridge, yana bincike kan ƙungiyoyin ƙwadago masu zaman kansu a Masar, ya ɓace a Alƙahira ranar 25 ga Janairun 2016, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa da alamun azabtarwa. Matthew Hedges na Durham kuma an kama shi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2018 aka yanke masa ɗaurin rai da rai kan zargin leƙen asiri, daga baya aka yi masa afuwa. Kuma ka tuna ba kai kaɗai ba ne, kai za ka hau jirgi ka tafi, wanda ya ba ka labari shi yana nan tare da iyalinsa. Don haka ɓoye sunan mutane amana ce a wuyanka.

Aiki fa bayan an gama?

Koyarwa a jami'a, ma'aikatar harkokin waje, aikin jarida, ƙungiyoyin agaji, cibiyoyin bincike. Guraben ba su da yawa, harshen da ka iya shi ke fitar da kai.

To ni Bahaushe me zan ƙara da ba a riga an rubuta ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, ɗan'uwa. Yawancin masu fannin nan idonsu na kan Alƙahira da Beirut da Riyad, kudancin taswirar kuwa an bar shi kusan fayau, alhali Sudan da Muritaniya da Libiya duk suna cikin ƙasashe 22 na Ƙungiyar Larabawa. Bayan yaƙin Burmi a 1903 da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a har bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, garin na nan kusa da Sennar da sunansa. A Yulin 2022 an yi mummunan rikici a jihar Shuɗin Nilu da ya rutsa da Hausawa a kan ƙasa da sarautar gargajiya, a ƙasansa kuma tsohuwar tambayar nan ce ta wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo. Ga faɗuwar Gaddafi a 2011 da makaman da suka kwararo Sahel har Mali ta kama da wuta a 2012, ga hanyar Agadas zuwa Sabha ta Libiya da dokar hana safarar baƙin haure da Nijar ta yi a 2015 ta soke a 2023. Ga Hausawan Makka da Madina da kakanninsu suka je Hajji a ƙafa suka zauna. Mai Hausa da Larabci zai shiga zaure a Gadarif ko Sennar a yi hira da shi ba tafinta, tsoho ya faɗa masa garin da kakansa ya taso daga Ƙasar Hausa da shekarar da aka ba su takardar zama 'yan ƙasa. In za ka rubuta takardar neman gurbi, da irin wannan batu za ka buɗe ta.