Coci Ba Gadon Fasto Ba Ce

A Sakkwato mun saba da sarauta, inda gida ke gadon kujera, shi ya sa mutane da yawa ke ɗauka haka coci take: wai fasto ne mai ita, in ya tafi ɗansa ya hau. Wani maƙwabcina mai shago ya taɓa tambayata ko wa zai gaji Bishop Kukah, shugaban cocin Katolika na yankin Sakkwato, cikin 'ya'yansa. Abin ya tsaya min a rai, domin limaman Katolika a nan ba sa ma yin aure.

Dokar cocin Katolika ta ce bishop ya miƙa wa Fafaroma takardar ajiye aiki idan ya kai shekara 75, sannan Fafaroma ya naɗa wani. Haka aka yi a 2011, lokacin da Matthew Hassan Kukah, ɗan kudancin Kaduna, ya karɓi ragamar daga hannun Bishop Kevin Aje. Ginin Holy Family, babbar cocin Katolika ta Sakkwato, da makarantun mishan suka ci gaba da zama na dayosis, wato yankin cocin da bishop ke shugabanta.

A ɗarikar cocin ECWA kuma majalisar gunduma ce ke sauya wa fasto wurin aiki, dattawan coci su riƙe makullai da littafin baiko har sabo ya iso. Akwai dai ƙananan coci-coci masu zaman kansu inda ɗa ke gadon uba, wataƙila daga nan ruɗanin ya samo asali.