Waiwaye: 'Yan tawayen arewa da kafofin labarai na waje

Wanda ya san Damagaram a shekarar 2007 zai tuna yadda fada ke yin tsit da yamma, an zagaye akwatin rediyo, shayi na kan wuta, ana jiran a ji abin da ya faru a duwatsun Ayar, a arewacin Nijar. Gidan rediyon gwamnati yakan ce ɓarayi ne da 'yan fataucin ƙwaya, yadda Shugaba Tandja Mamadu ke kiransu. Ka murɗa zuwa RFI ko BBC Hausa sai ka ji wani suna dabam: MNJ, ƙungiyar 'yan tawayen da Aghali Alambo ke jagoranta, da ƙorafinta kan kuɗin uraniyom.

Abin ya samo asali tun tawayen farko na shekarun 1990. Mano Dayak, ɗaya daga cikin jagororin tawayen kuma mai kamfanin yawon buɗe ido a Agadas, ya san Turawa sun san shi, kuma ya iya yi musu magana da harshen da suke son ji. Shi ya sa hoton Ba'abzine mai rawani ya cika jaridun Faransa, alhali gwamnatin Mahamane Usman, ɗan Damagaram, na fama da baitulmali wayam. An dai sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, wani madugun tawayen, Rhissa Ag Boula, ya zama minista daga baya, Mano kuwa ya rasu a haɗarin jirgin sama ƙarshen shekarar.

A tawaye na biyu, na 2007, wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan'adam ta shigo. Madugu na cikin duwatsu, amma muryarsa na isa Paris kafin kakakin gwamnati ya gama rubuta sanarwa a Yamai. Hukuma ta ga ba za ta iya rufe bakin Alambo ba, sai ta juya kan masu kiransa. An dakatar da RFI wata guda a Yulin 2007. A Satumba aka kama wakilinta Musa Kaka saboda hirarrakin waya da 'yan tawayen, ya shafe fiye da shekara a gidan kaso. Ibrahim Manzo Diallo na jaridar Aïr Info ma ya yi watanni a tsare. Turawa biyu da ke ɗaukar hoto don tashar Arte, su ma an kama su a Disamba, amma wata guda kawai suka yi aka sallame su. Kowa ya ga bambancin.

Mu nan sai da wuta ta iso gida muka gane ba labarin nesa ba ne: a Janairun 2008 MNJ ta afka wa Tanut a jihar Damagaram, ta tafi da perefe, wato kantoman yankin. Kafofin waje sun ba da labarin, sun ji ta bakin madugu, sun ji ta bakin minista. Direban da ke bin hanyar Agadas cikin tsoron nakiya, da 'yar kasuwar da cinikinta ya tsaya, ba su cika samun wanda zai miƙa musu makirufo ba.

Gaddafi ya shiga tsakani, aka ajiye makamai a 2009, Alambo ya zama mai ba da shawara a zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojoji sun rufe RFI da France 24 cikin kwanaki, Rhissa ya sake ɓulla da sanarwar adawa da su, kuma a Disambar 2024 BBC ta sha dakatarwar wata uku.