Fasa labarin fim da tallar fina-finan almarar kimiyya

Fasa labarin fim, wanda matasa masu bin fina-finan Amurka kan kira sufoila, shi ne a faɗa wa wanda bai kalli fim ba wani muhimmin abu da aka shirya ya zo masa ba zato: wa ya mutu, wa ya ci amana, yaya aka ƙare. Maganar ta shafi kowane irin fim, har da littattafai, amma ta fi zafi a fina-finan almarar kimiyya, wato masu labarin sararin samaniya, mutum-mutumi, halittun wasu duniyoyi da komawa zamanin da ya wuce. Irin waɗannan fina-finai kan ɗauki shekaru ana haɗa su, suna cin kuɗi masu yawan gaske, kuma suna da magoya baya da ke bin diddiginsu tun kafin a kunna kyamara. Kamfani yana son ya nuna abin da zai sa mutum ya yanki tikiti. Mai son fim ɗin kuwa yana son a bar masa mamakinsa. A tsakanin waɗannan buƙatu biyu rigimar take.

Asalin al'adar

Roƙon 'yan kallo su kame bakinsu ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Fim ɗin Faransa mai suna Les Diaboliques na 1955 ya ƙare da rubutu a allo yana roƙon waɗanda suka kalla kada su ba abokansu labari. A 1960 darakta Alfred Hitchcock ya hana gidajen sinima shigar da kowa kallon Psycho bayan an fara, a zamanin da mutane suka saba shiga duk lokacin da suka ga dama. Dokar ta kare sirrin fim ɗin, ta kuma jawo dogayen layuka a ƙofar sinima, waɗanda su kansu suka zama talla. Tun daga nan aka gane cewa ɓoye labari ma hanyar sayar da shi ce.

A ɓangaren almarar kimiyya ba da haka aka fara ba. Littafin da ke ɗauke da labarin Star Wars na farko, daga farkonsa har ƙarshensa, ya shiga kasuwa a ƙarshen 1976, kusan wata shida kafin fim ɗin ya fito ranar 25 ga Mayu 1977, kuma bai rage masa kasuwa ba. Sai a kashi na biyu, The Empire Strikes Back na 1980, aka ɗaure sirri tamau. Maganar da mugun fim ɗin, Darth Vader, ya faɗa wa jarumin, Luke, cewa shi ne mahaifinsa (an haura shekara 40, faɗinta a nan ba laifi ba ne) ba ita aka rubuta a takardun da aka raba wa ma'aikata ba. Ɗan wasan da ke cikin rigar Vader wata magana daban ya furta, daga baya James Earl Jones ya ɗora muryarsa da ta gaskiyar. Kashi na uku, na 1983, an ɗauki wani ɓangarensa ne da sunan bogi, Blue Harvest, don kada magoya baya da 'yan jarida su yi wa wurin ɗauka dafifi.

Yadda kamfanoni ke talla

Tallar babban fim kan fara da somin-taɓi na minti ɗaya ko ƙasa da haka, wani lokaci shekara guda kafin fitowa. Daga baya a saki cikakkiyar tirela, wato bidiyon tallar fim, da hotunan bango, da hirarrakin 'yan wasa, da kayan wasan yara. Taron Comic-Con na birnin San Diego, wanda aka fara a 1970, ya zama dandalin da ake fara nuna wa magoya baya guntayen fim. Tirela kanta ta zama abin jira: a watan Nuwamban 1998 an samu mutane a Amurka da suka yanki tikitin wasu fina-finai don kawai su ga tallar sabon fim ɗin Star Wars, The Phantom Menace, suka tashi suka fita da ta ƙare.

Wasu kamfanonin ɓoyewa suke yi har ta wuce misali. Tallar farko ta Cloverfield, wadda aka nuna a watan Yulin 2007, ba ta ma faɗi sunan fim ɗin ba, ranar fitowa kawai aka rubuta, aka bar mutane suna ta hasashe wata da watanni. Wannan dabara takan ci riba, takan kuma juye wa mai ita. Kafin fitowar Star Trek Into Darkness a 2013 an yi ta musanta cewa Benedict Cumberbatch zai fito a matsayin Khan, sanannen mugun jerin, alhali magoya baya sun riga sun gano. Da gaskiya ta fito, da yawa sun ji an raina musu hankali, kuma daraktan, J. J. Abrams, ya amince daga baya cewa da an faɗa tun farko da ya fi.

Abin da ya fi ba magoya baya haushi shi ne kamfani ya fasa labarin da hannunsa. Jerin Terminator ya yi ƙaurin suna a nan. Tallar kashi na biyu a 1991 ta nuna cewa mutum-mutumin Arnold Schwarzenegger ya koma ɓangaren masu gaskiya, alhali farkon fim ɗin an gina shi ne yadda mai kallo ba zai sani ba. A 2015 tirelar Terminator Genisys ta tona cewa John Connor, jagoran mutane a yaƙi da na'urori, ya zama na'ura, har daraktan, Alan Taylor, ya nuna bai ji daɗi ba. Akwai kwalayen kaset da faifan Planet of the Apes na 1968 da aka buga wa hoton ƙarshen fim ɗin a goshi. Jerin sunayen kiɗan The Phantom Menace, da ya fito kafin fim ɗin a 1999, ya ambaci mutuwar ɗaya daga cikin manyan jaruman ƙarara.

Ba sakaci ne ke kawo wannan ba ko yaushe. Masu yanka tirela galibi ba su ne suka shirya fim ba, kuma ba mai jiran fim ɗin suke nema ba, domin shi ko ba talla zai zo. Suna neman mutumin da bai san da zaman fim ɗin ba, wanda sai ya ga wani abu mai girgiza zuciya zai ciro kuɗinsa. An sake wannan muhawara a 2025, lokacin da tirelar Project Hail Mary, wanda aka ɗauko daga littafin Andy Weir na 2021, ta nuna cewa jarumin zai haɗu da wata halitta ta wata duniya. Wasu da suka karanta littafin suka ce an zubar da mamaki mafi daɗi a cikinsa. Wasu suka ce ai abotar su biyun ita ce labarin, ba yadda za a tallata fim a ɓoye zuciyarsa.

Akwai kuma yaudara da gangan. Tirelar Avengers: Infinity War, fim ɗin da ya fito a 2018, ta nuna Hulk yana gudu cikin sahun mayaƙa a Wakanda, fitowar da babu ita a fim. A 2021 an goge wasu jarumai daga tirelar Spider-Man: No Way Home, sai dai a wadda aka saki a Barazil an ga kan wani dodo ya juya kamar an naushe shi, ba kuwa kowa a gabansa. Magoya baya suka kama wannan cikin sa'o'i kaɗan. Ɗan wasa Andrew Garfield ya shafe watanni yana musanta cewa yana cikin fim ɗin, kuma yana ciki.

Ra'ayoyin 'yan kallo

Kan magoya baya a rabe yake. Akwai masu ƙaurace wa komai, ko tirela ba sa kallo, suna toshe sunan fim a shafukan sada zumunta har sai sun gani da idonsu. Akwai mafarauta, masu tsayar da tirela daƙiƙa bayan daƙiƙa, suna duba kwalin kayan wasa da hotunan da aka sata daga wurin ɗauka. A wajensu hasashen rabin daɗin ne. Mafi yawan mutane suna tsakiya: suna son sanin irin fim ɗin da su wa ke ciki, ba sa son a faɗa musu ƙarshe.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada lamarin. A 2011 Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun ba mutane gajerun labarai 12, wasu an fasa musu ƙarshen, wasu ba a fasa ba, sai waɗanda aka fasa wa suka ɗan fi jin daɗin karatun. Binciken Benjamin Johnson da Judith Rosenbaum na 2015 ya samu akasin haka, wato fasawar na rage daɗi, ko da yake ba da yawa ba. Abin lura, gajeren labarin da aka miƙa wa mutum a ɗakin gwaji daban yake da fim ɗin da ya yi shekara uku yana jira.

Lamarin a Kaduna

Al'adar kallo a Kaduna, kamar sauran biranen Arewa, ba a kan ɓoye labari ta ginu ba. A zamanin tsofaffin sinimomi na fili, wanda ya samu kuɗin shiga shi ke dawowa majalisa ya ba sauran labarin fim tiryan-tiryan, har da kwaikwayon faɗan da kukan bindiga, kuma gwanin ba da labari yana da daraja a unguwa. Fim ɗin Indiya ɗaya akan kalle shi sau da yawa, an san ƙarshensa sarai. Yaro ma ya san ƙa'idar: akta ba ya mutuwa, bos ne zai sha kashi. Wanda ya taso yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kowane dare bai taɓa ƙin saurare don ya san inda za ta ƙare ba. Tallar fina-finan Hausa a zamanin kaset da faifai ita ma ba ta rowar labari, takan nuna waƙoƙi, da mari, da saki, da kuka, duk a farkon wani fim ɗin. Masu fassara fina-finan ƙetare zuwa Hausa kan yi wa mai kallo bayani da tsokaci a kan abin da ke gudana. Ga mai irin wannan tarbiyyar kallo, gani ya kori ji, jin labari ba ya hana kallo.

Ƙyamar sufoila ta shigo ne ta hannun matasa masu bin fina-finan Marvel, Star Wars da Dune a waya, musamman ɗaliban manyan makarantu irin su Kadpoly da KASU. Matsalarsu ta lokaci ce. Tirela tana isa wayar matashin Kawo ko Barnawa a daidai lokacin da take isa Landan, amma fim ɗin kansa ba haka ba. Sinimomin zamani sun fi yawa a Legas da Abuja. Wanda ya matsu kuma yake da hali yakan hau jirgin ƙasa daga Rigasa, layin da aka buɗe a 2016, ya je Abuja ya kalla. Saura kuwa sai jira, ko dai a samu kwafin da aka ɗauka da kyamara a cikin sinima, mai duhu da kawunan mutane, ko a haƙura har mai kyau ya fito. Da can tazarar da ke tsakanin sinima da fitowar fim a gida takan kai kwana 90. Bayan annobar korona ta 2020 kamfanoni da yawa sun rage ta zuwa wajen kwana 45. Ko hakan ma, mako shida ne mutum zai yi yana kauce wa TikTok da Facebook da sitatus ɗin abokai.

A shagon masu tura fina-finai, a Tudun Wada ko bakin Kasuwar Barci, ana ganin halayen biyu a benci ɗaya. Wani zai miƙa memori ya ce, "Oga, sabon nan ya fito kiliya kuwa?" Mai shago, ido na kan kwamfuta, ya ce, "Bai yi kiliya ba tukuna, amma na kalla. Wallahi ƙarshensa..." Sai mai memorin ya toshe kunne: "Don Allah mutumina bar shi haka!" Na kusa da shi kuwa ya matso: "Kai faɗa min, in aktan ya mutu kada ka tura min, ba zan ɓata cajina ba." Na biyun nan ba wasa yake ba. Inda data ke da tsada, wuta ba ta tsayawa, wayar kuma ba ta da wurin ajiya sosai, sanin labari kafin kallo hanyar tace fim ce. Shi ya sa bidiyoyin taƙaita fim cikin minti goma, da Hausa ko da Turanci, suke da kasuwa, duk da cewa fasa labari ne tsantsa daga farko har ƙarshe.

Wa'adin yin shiru

Babu wata doka da kowa ya yarda da ita kan tsawon lokacin da ya kamata a kame baki. Kafin fitowar Avengers: Endgame ranar 26 ga Afrilu 2019, bayan wasu guntaye sun ɓulla a intanet, daraktocin, Anthony da Joe Russo, sun fitar da wasiƙa suna roƙon magoya baya su yi shiru. Roƙon ya bazu ko'ina, ya kuma sa mutane rububin kallo a kwanakin farko don gudun kada a riga su a ɓata musu. Fim ɗin ya tara kimanin dala biliyan 1.2 a ƙarshen makonsa na farko a faɗin duniya. Daga nan daraktocin suka sanar cewa daga Litinin 6 ga Mayu kowa na iya magana, kuma a ranar aka saki tirelar Spider-Man: Far From Home, wadda ta fito da babban sirrin Endgame a fili. Wato kamfanin ne ya kafa wa'adin, shi ne kuma ya ɗage shi ranar da tallar fim na gaba ta buƙaci haka.

Wa'adin kwana 10 an yanka shi ne daidai da mai sinima a kusa da gida. Zaurukan WhatsApp na masu son fim a Kaduna kan kafa tasu ƙa'idar: a rubuta gargaɗi a sama, a bar layuka da dama babu komai kafin a shiga labari, ko a buɗe wani zaure daban don waɗanda suka kalla. A wasu zaurukan ba a ƙirga wa'adi daga ranar da fim ya shiga sinima, sai daga ranar da kwafi mai kyau ya iso hannun masu turi, kuma wanda ya karya yakan sha gargaɗi daga admin, in ya maimaita a cire shi.