Amaryar da Tsoro Ya Hana Ta Saduwa: Abin da Dokar Iyali ta Maroko Ta Tanada

A ɗauki misalin wata amarya a birnin Fas wadda ta tare wata huɗu da suka wuce, tana son mijinta, shi ma yana son ta, amma har yau ba su sadu ba. Da zarar ya kusanto ta sai jikinta ya ɗauki rawa, cinyoyinta su haɗe, gabanta ya ɗaure tamau, ta ji zafi tun kafin a taɓa ta. Uwar miji ta fara tambaya, dangi sun fara raɗe-raɗin cewa an yi mata siƙaf, wato asirin kullewa da mutanen Maroko suka daɗe suna ambato, kuma wani ya riga ya ba ango shawarar ya garzaya kotu ya ce an aura masa mai aibi. Ko dokar ƙasar tana bayan wannan shawara?

Likitocin Larabawa suna kiran wannan lalura tashannujul mahbal. Tsokokin da ke kewaye da bakin farji ne suke ɗaurewa da kansu ba da nufin mace ba, kamar yadda ido yake rufewa idan aka kawo masa yatsa. Ba taurin kai ba ne, ba kuma ƙin miji ba. Sau da yawa tushensa tsoro ne da aka shuka tun ƙuruciya: labaran jini da azabar daren farko, fargabar tabbatar da budurci yayin da dangi suke jira a ƙofa, rashin sanin yadda jikinta yake, ko wani cin zarafi da ta taɓa fuskanta ta ɓoye.

Dokar da ke hukunci a nan ita ce Mudawwana, kundin dokar iyali mai sassa 400 wanda ya fara aiki a watan Fabrairun 2004 a zamanin Sarki Muhammad na Shida. Sashe na 107 ya ambaci aibi iri biyu da ke ba miji ko mata damar neman a raba aure. Na farko shi ne aibin da ke hana mu'amalar aure, na biyu kuma cuta mai haɗari ga rai ko lafiyar abokin zama wadda ba a sa ran warkewarta cikin shekara guda. Dokar ba ta jera sunayen cututtuka ba, don haka wanda ya karanta wannan sashe shi kaɗai yana iya cewa amaryarmu ta faɗa cikin kaso na farko kai tsaye. Amma sassan da ke biye da shi suna nuna cewa hanyar ba ta miƙe haka ba.

Sashe na 111 ya ce a nemi taimakon ƙwararru wajen gane aibin ko cutar. Ma'ana, ba faɗar miji ko ta surukai ce hujja ba, likita ne zai duba ya rubuta wa alƙali abin da ya gani. A irin wannan lalura kuwa, abin da likitan mata ya fi gani shi ne halitta lafiya lau, babu toshewa, babu tsiro, sai tsoka da ke ɗaurewa saboda tsoro. Rahoton da ya ce abu ne mai magani ya sha bamban ƙwarai da wanda ya ce babu makawa.

Sashe na 108 shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin yana kawar da wata fargaba da ke ingiza maza su yi gaggawa. Ya gindaya sharuɗɗa biyu kafin a karɓi ƙara: kada mai ƙarar ya kasance ya san da aibin lokacin ɗaurin aure, kuma kada ya aikata abin da ke nuna ya yarda da aibin bayan ya san cewa warkewa ta gagara. A lura da ƙarshen wannan jimla. Dokar ta rataya zubewar haƙƙi ne a kan yardar da ta biyo bayan sanin cewa babu magani, ba a kan zaman jiran magani ba. Saboda haka mijin da ya riƙe hannun matarsa suka yi watanni suna zuwa asibiti bai zubar da haƙƙinsa na zuwa kotu ba, kuma wanda ya ce masa idan ya jinkirta damarsa za ta wuce bai karanta sashen da kyau ba. Ko an shigar da ƙarar ma, Mudawwana ta ɗora wa kotu yunƙurin sulhu kafin ta yanke hukuncin rabuwa.

Akwai kuma batun kuɗi, kuma a ganina nan ne zalunci ya fi samun ƙofa. Sashe na 32 ya ba matar da aka saka kafin saduwa rabin sadakinta, amma idan kotu ce ta raba auren saboda aibi kafin saduwa, sashe na 109 ya ce babu sadaki. Ke nan laƙaba wa amarya kalmar aibi yana iya raba ta da abin da sakin da aka saba zai bar mata, ban da tabon da zai bi sunanta har gidan ubanta. Sashe na 109 ya kuma ba miji damar komawa da neman kuɗin sadaki kan wanda ya yaudare shi ko ya ɓoye masa aibin da gangan, idan an riga an sadu. Kalmar da gangan tana da nauyi a nan, domin budurwar da ba ta taɓa sanin namiji ba yawanci ba ta da hanyar sanin cewa jikinta zai yi haka, kuma ba a ɓoye abin da ba a sani ba.

Wanda ya yi karatun zaure zai ga cewa waɗannan sassa ba baƙi ba ne, domin sashe na 400 ya ce duk abin da kundin bai ambata ba a koma ga mazhabar Imamu Malik. A Risala an ambaci cutar farji cikin abubuwan da ake mayar da mace saboda su, an kuma ce a jinkirta wa namijin da ya kasa kusantar matarsa shekara guda. A Muktasar na Shehu Halilu an ce a jinkirta wa macen da gabanta yake toshe domin neman magani, gwargwadon yadda alƙali ya ga ya dace. Idan malamai sun ba toshewar da ido ke gani lokaci, ban ga hujjar hana shi ga ɗaurewar da tsoro ya haifar ba, alhali ita ce ta fi karɓar magani.

Maganin kuwa ba ya buƙatar wuƙa. Ana farawa da zama da ma'auratan biyu a yi musu bayanin jikin mace da zane, a warware tatsuniyoyin da suka cika mata kai, a kuma ce su dakatar da yunƙurin saduwa na wani lokaci. Sai a koya mata numfashi da yadda za ta matse tsokar ƙugu ta sake ta da ganganci, har ta gane cewa tana da iko a kanta. Daga nan a ba ta wasu 'yan sanduna masu santsi, na farkonsu bai wuce kaurin ƙaramin yatsa ba, ta riƙa gwadawa da kanta a ɗakinta tare da mai, ba wanda yake gaggauta ta, sai ta saba da ɗaya sannan ta matsa zuwa na gaba. Wadda tsoronta ya samo asali daga cin zarafi tana buƙatar masanin halayyar ɗan Adam, kuma a wasu lokuta masu tsanani likitoci kan yi allurar Botox don sassauta tsokar. Mafi yawan matan da suka bi waɗannan matakai suna samun sauƙi cikin makonni ko watanni.

Abin da ke rushe wannan aiki duka shi ne ƙarfi. Mijin da aka ce masa ya daure ya danne ta sau ɗaya a wuce wurin yana ƙara wa jikinta hujjar ɗaurewa ne. Dokar yaƙi da cin zarafin mata mai lamba 103-13 ta shekarar 2018 ba ta ambaci fyaɗe tsakanin ma'aurata da sunansa ba, abin da ƙungiyoyin mata a Maroko suka soka, amma sashe na 99 na Mudawwana ya ɗauki duk mummunan halin miji da ya jawo wa mata cutarwa a jiki ko a rai a matsayin dalilin da za ta nemi a raba auren.

A ƙasar Hausa ma an san irin wannan amarya, sai dai sau da yawa ba kotu ake kai ta ba, wanzami ake kira ya yi mata yankan gishiri da sunan buɗe hanya. Askar tana yanka naman da ba shi da laifi, ta bar tsoron inda yake, kuma likitocin da ke kula da masu yoyon fitsari sun daɗe suna lissafa wannan yanka cikin abubuwan da ke kawo musu mata.