Wa Ke Bin Sawun Kuɗin Gwamnati? Tambayoyi da Amsoshi Daga Maraɗi

Duk ranar da rediyo ta ce masu bincike sun gano giɓin kuɗi a wata ma'aikata, zancen yakan yi zafi a fada da bakin kasuwa, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, kwana biyu kuma a shiga wani. Yadda ake yin binciken kansa, da abin da ke biyo bayansa, su ne ba a cika tsayawa a kansu ba. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Mene ne binciken kuɗin ma'aikata, kuma me ya raba shi da na 'yan sanda?

Ɗan sanda sai an kai ƙara yake zuwa. Mai binciken kuɗi kuwa yana zuwa ko da ba a zargi kowa ba. Kowane alhajin da ke da shago a babbar kasuwa ya san wannan: yakan zauna da yaron shagonsa a ƙirga buhunan da suka rage, a duba littafin bashi, a ƙirga ciniki, ko da yaron ɗan cikinsa ne. Dukiyar da aka ba ka riƙo, dole ka ba da lissafinta.

Abu uku ake nema. Na farko, alƙaluman da ma'aikata ta rubuta gaskiya ne? Na biyu, an bi doka wajen karɓa da kashewa? Na uku shi ne wanda ya fi damun talaka, wato ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ana iya haƙa rijiya da takardu cikakku, babu ko dala da ta yi ɓatan dabo, amma a haƙa ta a inda ba ruwa.

Wane lissafi ne ma'aikata take bayarwa, kuma wa ke rubuta shi?

Shekarar kasafi a Nijar tana farawa 1 ga Janairu, ta ƙare 31 ga Disamba. Tsarin da muka gada daga Faransa, wanda ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, suka daidaita da ƙa'idojinsu na 2009, ya tsaya kan doka ɗaya mai nauyi: mai ba da umarnin a kashe kuɗi daban, mai riƙe kuɗin daban. Minista ko magajin gari yana sa hannu a biya, amma ba ya taɓa akwati. Ma'aji ne ke biya, kuma kafin ya biya sai ya tabbatar akwai kuɗin a kasafi, an yi aikin, takardun shaida sun cika. In ba su cika ba yana da ikon dakatar da biyan.

A ƙarshen shekara kowannensu yana rubuta nasa lissafin. Mai umarni ya rubuta abin da ya ce a karɓa da abin da ya ce a kashe, ma'aji ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Dole littattafan biyu su haɗu, in sun saɓa akwai magana. A matakin ƙasa, lissafin ma'aikatu duka ana haɗa shi cikin dokar rufe kasafi, wadda majalisar dokoki ke duba, kafin a rusa ta a 2023, ta ga ko gwamnati ta kashe yadda aka yarje mata.

Ma'aji yana rantsuwa kafin ya kama aiki, yana ajiye jingina, kuma in kuɗi suka ɓace a hannunsa daga aljihunsa ake nema. Akwai kuma wani tanadi da mutane da yawa ba su sani ba. Duk wanda ya tsoma hannu cikin kuɗin gwamnati alhali ba ma'aji ba ne, ko kansila ne, ko sakatare, ko ɗan jam'iyyar da aka ce "riƙe mana kuɗin tasha", doka tana ɗaukarsa ma'aji, ta nemi lissafi daga gare shi kamar yadda take nema daga na gaskiya.

Su wane ne masu binciken a Nijar?

Akwai na cikin gida, akwai na waje. Na cikin gida su ne sufetocin da gwamnati ke aikawa su duba mata ma'aikatunta: hukumominsu su ne IGE da ke ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, IGF tana ma'aikatar kuɗi, IGAT kuma tana ma'aikatar cikin gida, ita ce ƙananan hukumomi irin na Tasawa, Madarunfa ko Dakoro suka fi sani. Rahotonsu yana komawa wurin wanda ya aike su, shi ne zai ga dama ya fitar, ya ga dama ya kulle a durowa.

Ta waje ita ce kotun bin diddigin kuɗi, Cour des comptes. Da can wani sashe ce a cikin kotun ƙoli, tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya ambace ta a matsayin babbar kotun kula da kuɗin ƙasa, dokar 2012 ta tsara aikinta. Ma'aikatanta alƙalai ne, kuma an ba ta duba lissafin gwamnatin tsakiya, ƙananan hukumomi, kamfanonin gwamnati, har da kuɗin jam'iyyun siyasa da takardun bayyana dukiyar manyan jami'ai. Abin da ya sa aka ware ta shi ne ƙa'idar da hukumomin bincike na duniya suka amince da ita a Lima a 1977, cewa mai bincike kada ya zama yaron wanda yake bincika.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jingine wancan tsarin mulki, ya rusa majalisar dokoki. A Satumba na shekarar aka kafa hukumar COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa daga hannun waɗanda suka ci. A Afrilu 2024 kuma aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Wannan ya shafi maganarmu kai tsaye, domin kansiloli ne ke fara duba lissafin magajin gari a bainar jama'a. Da suka tafi, nauyin ya koma kan sufetoci da hukumomin da ke sama.

In sun sauka a ma'aikatar magajin gari, me suke dubawa?

Ɗauki tikitin kasuwa. Mai tumatir ta shimfiɗa buhunta, mai karɓar haraji ya zo, ta miƙa dala goma, ya yage mata 'yar takarda. Wannan takarda tana da lamba, kuma guntunta ya rage a jikin littafin. Sufeto zai fara da tambayar littattafai nawa aka buga, wa ya karɓe su daga maɗaba'a, nawa aka ba kowane mai karɓa, nawa suka dawo. A ce an ba mutum littafi goma, kowane da tikiti 100 na dala goma. In ya yage su duka, jika hamsin ake jira a akwatin ma'aji, da ranar da ya zuba da takardar shaidar zubawar. In jika talatin da biyar aka gani, sai ya kawo sauran tikitin da bai yage ba, ko ya kawo jika goma sha biyar. Inda aka fi ɓarna shi ne littafin da aka buga a ɓoye, wanda lambarsa ba ta cikin rajista, da kuɗin da aka karɓa hannu da hannu ba a yage komai ba. Na biyun nan ko sufeton da ya fi kowa ido ba zai gan shi a ofis ba, sai dai ya je kasuwa ranar da take ci, ya ƙirga rumfuna da masu shimfiɗa, ya gwada da abin da aka ce ana samu. Haka ake yi a kasuwar dabbobi da tashar mota da mahauta.

Ta ɓangaren kashewa, ɗauki ajin makaranta. Fayil ɗin zai ƙunshi sanarwar neman 'yan kwangila, takardar zaman da aka buɗe tayinsu, kwangilar kanta, takardar karɓar aiki mai sa hannun kwamiti, da shaidar biya. Mai bincike na kirki ba ya tsayawa a nan. Yakan hau mota ya je ƙauyen da ma'auni a hannu, ya auna tsawon ajin da faɗinsa, ya duba kaurin kwano, ya ƙirga tebura, ya sosa bango da makulli ya ga ko siminti ne ko yashi aka shafa wa fenti. Yakan tambayi shugaban makaranta da mai gari ranar da magina suka tashi. Ba bakon abu ba ne a tarar an sa hannu cewa an karɓi aiki alhali ginin bai kai linta ba.

Sauran dabarun ɓarna an san su: a tsaga kwangila ɗaya gida uku don kowane yanki ya faɗo ƙasa da adadin da ke wajabta gasa, a kawo tayi uku daga kamfanoni uku da duk na mutum ɗaya ne, a rubuta kuɗin tafiyar da ba a yi ba, a zuba mai a motar da ta shekara kan duwatsu.

In rahoto ya ambaci mutum, ke nan ɓarawo ne?

A'a. Rahoton farko na wucin gadi ne. Ana aika wa wanda aka bincika ya ba da amsa, ya kawo takardun da ba a gani ba, sannan a rubuta na ƙarshe. Kuma "kuɗin da ba su da takardar shaida" ba lallai sata ba ce. Wani lokaci an yi aikin, sakaci ne ya ɓatar da takardar, ko gara ta cinye ta a ɗakin ajiya. Laifi ne a idon doka, amma ba ɗaya yake da na wanda ya gina gida da kuɗin ba.

Binciken ma'aikatar tsaro da ya fito a 2020 misali ne. Sufetocin soja sun ƙiyasta asarar kusan miliyar 76 na sefa, tsakanin ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Da aka ji ta bakin 'yan kwangila, adadin da mai gabatar da ƙara ya bayyana ya yi ƙasa da haka sosai, abin da ƙungiyoyin farar hula da dama ba su gamsu da shi ba. Mai karanta irin wannan labari ya riƙa tambaya: wannan adadi na wane mataki ne, kuma wa ya faɗe shi?

To ana hukunta wani kuwa, ko a takarda abin ke ƙarewa?

Hanyoyin suna nan. Kotun kuɗi tana iya ɗora wa ma'aji biyan giɓi, ko ta wanke shi in lissafinsa ya fita. Tana iya cin tarar mai umarnin da ya karya ƙa'idar kasafi. In abin ya kai sata, ana miƙa shi ga kotun hukunta laifi, domin ɗauri ba aikin kotun kuɗi ba ne. Magadan gari da dama an tuɓe su a taron ministoci bayan rahoton sufetoci. Kuma an taɓa ganin bincike ya girgiza gwamnati: badaƙalar kuɗin ilimin firamare da aka sani da MEBA ta kai tsofaffin ministoci biyu gidan kaso a 2006, ita ce kuma ta share fagen ƙuri'ar yanke ƙauna da ta kayar da gwamnatin Hama Amadu a ƙarshen Mayu 2007.

A ganina, raunin yana wuri biyu. Ɗaya jinkiri ne. Lissafin da aka kai kotu bayan shekara huɗu ko biyar, ma'ajin ya yi ritaya, magajin garin ya sauya jam'iyya, ɗan kwangilar ya rufe kamfani ya buɗe wani da sabon suna. Jihar Maraɗi kaɗai tana da ƙananan hukumomi fiye da 40, masu bincike kuwa 'yan kaɗan ne, galibinsu a Yamai. Na biyu nuna bambanci ne. In ana buɗe fayil ɗin wanda ya ɓata da masu mulki, ana rufe na wanda ya shirya da su, jama'a sukan daina ɗaukar rahoto a bakin komai, har mai gaskiyar ma a ce siyasa ce. Wannan ƙorafi an yi shi a kan gwamnatoci daban-daban, ba guda ba.

Akwai kuɗin da ba a bincikawa?

Kuɗin tsaro ne aka fi kewayewa da sirri, a nan da sauran ƙasashe. A Fabrairu 2024 an fitar da dokar da ta cire sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin kwangilolin gwamnati da aka saba. Hujjar ita ce ƙasa tana cikin yaƙi, soja ba zai jira wata uku ana buɗe tayi ba. Hujja ce mai ƙarfi, kuma mutumen Madarunfa ko Gidan Runji da ɓarayin daji suka hana barci ba zai musa ba. Sai dai sauri da sirri ba su hana a ajiye takarda, a bar wasu amintattu su duba daga baya. Abin da binciken 2020 ya tono a wannan ɓangaren ya faru.

Mutumin da ba sufeto ba, me zai iya yi?

Na farko shi ne ya karɓi takardarsa. Duk wanda ya yarda a rage masa harajin rumfa ko kuɗin takardar fili don kada a yage masa komai, ya san kuɗin ba su isa baitulmali ba. Ya duba lamba da hatimi a jikin tikitin, ya ajiye.

Na biyu, tambaya halal ce. Tun Fabrairu 2011 Nijar take da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, in ban da waɗanda doka ta keɓe. Kasafin ƙaramar hukuma ba sirri ba ne. Ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun daɗe suna bin kasafi, gidajen rediyon Maraɗi kuma suna da shirye-shiryen da ake buga waya kai tsaye. 'Yan kwamitin makaranta da na gidan likita suna da hurumin ganin littafin kuɗin da aka sa su kula da shi. In an kafa allon kwangila a unguwa, a ɗauki hotonsa da waya tun ranar farko: sunan ɗan kwangila, wa'adin aiki, da adadin kuɗin in an rubuta. Ranar da sufeto ya iso, ko bayan shekara uku ne, wannan hoton da shaidar mutanen unguwa kan ranar da aka daina aiki su ne zai gwada da takardar da kwamiti ya sa wa hannu.