Tambayoyinku kan ADHD, sau ɗaya zan amsa dan Allah

Tun da na faɗa cewa likita ya tabbatar min ina da ADHD (matsalar ƙwaƙwalwa mai sa kasa tsayar da hankali wuri ɗaya, rawar kai da yin abu cikin gaggawa) ina ɗan shekara 31, wayata bata huta ba, kuma tambayoyin duk iri ɗaya ne. Ni ba likita bane, malamin sakandare ne a nan Bauchi. Wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Malam ba aljanu bane ko sammu?

A'a. Ka yi addu'arka, ka kuma je asibiti, ɗaya baya hana ɗaya.

Ba cutar Turawa bace da waya ta kawo?

Tun 1902 wani likitan yara a Ingila, George Still, ya yi bayanin yara masu irin wannan hali. Akwai TikTok a lokacin? Ƙiyasin likitoci kusan yara 5 cikin 100 ne, manya kuma 2 zuwa 3 cikin 100. Ajina ɗaya ya haura yara 80, kai ka yi lissafin. Muna dasu tun da can, suna kawai muka basu: mai ƙiriniya, mai rawar kai, mai kunnen ƙashi, sai a bi da dorina.

Ai kowa yana mantuwa

Kowa yana tari ma, kowa ne mai asma? Sai alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai wata 6 ko fiye, ana ganinsu a wuri sama da ɗaya kamar gida da makaranta, kuma suna ɓata maka rayuwa da gaske. Manta makulli sau ɗaya bai isa ba, ku daina.

Toh meye ainihin matsalar, tunda gashi ka yi digiri?

Wannan "tunda ka yi digiri" ɗin ne ke ƙona min rai. Matsalar ba ta ƙoƙari bace. Ka je tasha ka tsaya, motoci lafiyarsu lau, direbobi na nan, fasinja sun cika, amma babu ɗan kamashon da zai ce wannan ce a layi, waccan ta jira. Haka kaina yake. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ke tsara me za a fara, ya riƙe abu a rai har a gama, ya taka maka birki, ya auna lokaci, kuma sinadarai irin su dofamin suna da hannu a aikin. Namu masu ADHD yana aiki ne yadda yaga dama.

Akwai fom ɗin ƙarin girma da ya yi sati uku a kan firij ɗina. Kullum ina ganinsa, kullum gabana yana faɗuwa, biro na nan kusa dashi har ƙura ta rufe su tare, na san abin da zan rubuta a kowane layi amma hannuna ya ƙi kaiwa, sai daren da za a rufe karɓa na cike shi a minti goma ina zufa. Malalaci ai yana jin daɗin hutunsa, ni sati ukun nan ko barcin kirki ban yi ba. Amma ka bani rediyon da ya lalace, zan zauna daga azahar har isha ban tuna ban ci abinci ba.

Rashin tarbiyya ne? Ko allurar rigakafi?

Yawanci gado ne, binciken tagwaye ya nuna kaso 70 zuwa 80 cikin 100 na bambancin daga jini yake. Maganar rigakafi na kawo galahanga (autism, wata matsala daban da ADHD) kuwa, takardar da ta tayar da ita a 1998 an janye ta a 2010, an kuma ƙwace lasisin likitan. Kai yaronka a yi masa allura haba.

Yaya ni fa na daina sanin wacece ni, tun ina yarinya ake ce min shashasha

Ƙanwata share hawayenki. Mata sun fi ɓacewa a wannan lissafin, dan da yawa basa tsalle-tsalle, shiru suke hankalinsu yana wani gari, tuwo ya kama a tukunya, a ce ƙazama, a ce mai sanyin jiki. Idan an shekara ashirin ana kiranki da suna dole ki fara amsawa. Ni "sakarai" na fara kiran kaina kafin wani ya riga ni, in haɗa da dariya. Ranar da likita ya min bayani ban yi murna ba, haushi naji, na zauna a kan mashin a bakin asibiti ina tuno duk bulalar da na sha. Wannan haushin zai zo, ki barshi ya wuce. Amma ki ji, kada kuma ki maida harufan nan huɗu sabon sunanki, kuɗin adashen da kika manta baki zuba ba har yanzu bashi ne a kanki.

Zan yi aure, in faɗa mata? Iyayenta fa?

Hmm. Nan kam bazan yanke maka ba, ya danganta. Da farko in ba likita ne ya tabbatar maka ba, bidiyo ka kalla ka yanke wa kanka, to kada ka kai musu sunan komai tukuna. In kuma an tabbatar, ita dai ina ganin haƙƙinta ne ta sani, dan ita za ta zauna da mutumin da za a aika cefane kasuwar Muda Lawal ya dawo da cajar waya babu tattasai, kuma in kana shan magani wata rana za ta ganshi a aljihun riga, gara ta ji daga bakinka. Sai dai lokaci. Ba ranar zancen farko ba, kuma ba bayan an kai lefe ba, wani wuri a tsakani, kafin a sa rana zai fi. Kuma ka fara da hali kafin suna: ina makara, ina fara abu ban gama ba, ga abin da nake yi a kai. In ta tambayi gado kada ka yi ƙarya, eh yara na iya ɗauka, ba dole ba amma yana yiwuwa.

Iyaye ne wurin da nake taka-tsantsan. Dattijo yana jin "likitan ƙwaƙwalwa" abin da ya shiga kunnensa taɓin hankali ne, kuma kun san yadda binciken aure yake a garin nan, magana ɗaya daga Jahun kafin magariba ta isa Yelwa ta canja kama. Wani gidan akwai mai aikin asibiti da zai fahimta ya fahimtar, wani gidan babu. Ni matata na faɗa wa a zaurensu, ta yi dariya ta ce shi yasa sau biyu ina barin makulli a jikin mashin. Yayarta nas ce, mun faɗa mata. Babanta bamu faɗa masa ba har yau, wani lokacin abin yana ɗan damuna, wani lokacin in ce ai halina ya bincika kuma ya gani. In mace ce ke tambaya kuwa na yarda nata ya fi nauyi, dan aikin gida kaf a kanta za a ɗora kuma ita za a zaga, sai ta auna mutumin da kyau, wanda ya maida maganar gori tun a waje a ciki ma zai yi.

Wane magani kake sha in saya?

Bazan faɗa ba. Akwai irin su Ritalin da Strattera, likita ne ke rubutawa bayan ya duba har hawan jini da zuciya. Ba na kemis bane, kuma kada wani ya haɗa ka da tiramol wai na ƙarfin karatu. Je asibitin koyarwa na ATBU da ke nan Bauchi ko na tarayya da ke Gombe ka nemi ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa.

Wace dabara ce ta fi maka aiki?

Salla. Na daina cewa "anjima", sai "da na sallame la'asar". Abin da bana gani kuma babu shi, shi yasa makulli da magani suke kan takalmina.

Malam na turo saƙo tun watan jiya baka amsa ba

Na gani. Na ce zan amsa in na natsu. Koma ka karanta labarin fom.