Rauni Ba Ya Son Bushewa: Abin da Binciken Sabon Bandeji Ya Nuna

Idan hunturu ya kama, da wuya mako ya wuce a ɗakin shan maganin da nake aiki a gefen Anjamena ba a kawo mana yaron da garwashi ko tafasasshen kunu ya ƙona ba, kuma sau da yawa kafin a iso an riga an barbaɗa wa wurin toka ko an shafe shi da man goge baki, saboda iyaye sun ɗauka raunin da ya bushe ya yi ɓawo shi ne ya kama hanyar warkewa. Wannan fahimtar ce nake roƙon mu gyara.

Tun a shekarar 1962 wani masani ɗan Ingila, George Winter, ya yi gwaji a jikin aladu, ya gano cewa raunin da aka rufe damshinsa ya zauna ya fi saurin yin sabuwar fata a kan wanda aka bar wa iska. Ƙwayoyin fata daga gefe suke rarrafowa zuwa tsakiya, busasshen ɓawo kuwa tare musu hanya yake yi.

A kan wannan ne masu bincike suke ƙera wani siririn bandeji da ake kira haidrojel. Duk wanda ya taɓa ganin romon ƙafar saniya da ya kwana ya daskare ya ga kamanninsa, domin mafi yawansa ruwa ne da wasu zaruruwa suka riƙe, kuma ana samo zaruruwan daga ɓawon jatan lande da kaguwa, da ciyawar teku, da fatar dabbobi. Yana sanyaya wurin ƙuna, ba ya kuma manne wa nama. Mu da muke ɓare auduga daga ciwon yaro, yana ihu, sabuwar fatar tana biyo ta da jini, mun san darajar wannan. Ana iya cusa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta tun wajen haɗawa, sai ya riƙa sakinsa sannu a hankali a kan raunin.

Har ƙaro, wanda Chadi take cikin manyan masu fitar da shi bayan Sudan, yana cikin abubuwan da ake gwadawa wajen haɗa wannan bandejin. Amma don Allah kada kowa ya jiƙa ƙaron kasuwa ya shafa wa ciwo, domin na bincike tacewa ake yi a kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, kuma yawancin waɗannan gwaje-gwaje ba su bar ɗakin bincike ba tukuna.

Kafin irin wannan bandejin ya iso mana, idan an ƙone a zuba ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi na minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a garzayo asibiti a duba har da allurar tetanus. Mai ciwon sukari kuwa, ko ƙaramin rauni ya gani a ƙafarsa, kada ya bari ya kwana bai nuna wa ma'aikacin lafiya ba.